Jirgin kwal ɗin nan da ke kwance a ƙasan tashar Big Tub tun 1885

Maman Hanifa:
Salam 'yan zaure, dan Allah masu sani ku raba mu gardama. Wannan hoton tun jiya yake yawo a Facebook, jirgin ruwa ne na katako kwance a ƙasan ruwa amma ana ganinsa tar daga sama har da ramukan da ake zuba kaya ciki, ga gidaje da bishiyoyi a bakin ruwan. Abban Hanifa ya ce haɗin kwamfuta ne, ni kuma zuciyata ta ƙi yarda. Wai a Kanada ne aka ce.

Injiniyan Toronto:
Wa alaikumus salam Hajiya, ki gaya wa maigida wannan karon ke ce da gaskiya, hoton gaske ne. Sunan jirgin Sweepstakes, yana cikin wata 'yar tasha da ake kira Big Tub a garin Tobermory, jihar Ontariyo, bakin Tafkin Huron. Daga Toronto tafiyar kamar awa huɗu ce a mota idan ka miƙi arewa. Na je wurin da iyalina lokacin zafi, akwai jiragen yawon buɗe ido masu gilashi a ƙasa, sai a tsayar da ku daidai kansa ku leƙa. Zurfin wurin bai wuce mita 6 ba, saman jirgin kuwa ya fi haka kusa da ido shi ya sa yake fita haka a hoto.

Baffan Fagge:
To mutum nawa suka mutu a ciki? Don ni in na ga irin wannan abin da ke fara zuwa min kenan.

Injiniyan Toronto:
Baffa ba a rasa rai ba. Kuma ba jirgin fasinja ba ne, jirgin dako ne, tirelar wancan zamanin kenan. An ƙera shi a 1867 a garin Burlington da ke bakin Tafkin Ontariyo, maƙerin sunansa Melancthon Simpson, tsawonsa ƙafa 119 wato kamar mita 36, tan 218, ba shi da inji ko kaɗan, dogayen sanduna biyu ne aka ɗaura musu manyan ƙyallaye iska ke tura shi. A watan Agusta na 1885 ya ɗauko kwal sai ya daki dutse kusa da tsibirin Cove, bai da nisa da Tobermory. Wani ƙaramin jirgin ja mai suna Jessie ya zo ya janyo shi zuwa cikin Big Tub don a gyara, saboda wurin lungu ne dogo siriri iska ba ta dukansa sosai. To gyaran ne ba a yi a kan lokaci ba, ya yi ta shan ruwa har a watan Satumba ya kwanta a inda kuke ganinsa yanzu. Kwal ɗin kam an kwashe abinsu, ba a bar shi ba.

Malamar Tarihi:
Don mu gane nisan zamanin, lokacin da aka ƙera shi Abdullahi Maje Karofi ne Sarkin Kano, lokacin da ya nutse kuma Muhammadu Bello ne a kan gadon. Ita kanta Kanada a 1867 ɗin ne ta haɗu ta zama ƙasa ɗaya. 1885 kuwa ita ce shekarar da Turawa suka tashi daga taron Berlin, inda suka tsara yadda za su raba Afirka a tsakaninsu.

Ɗan Yawuri:
Assalamu alaikum. Ni abin da ya tsaya mani a rai cikin bayanin Injiniya shi ne wanga maganar ta cewa an kawo shi tasha lafiya sannan ya nutse. Duk wanda ya tashi bakin ruwa ya san wanga labari. Jirgi ba koyaushe hadari ka kashe shi ba, lissafi ka kashe shi. Mai jirgi zai zo ya tsaya ya dubi ɓarakar, ya tambayi kafinta nawa ne, ya dubi shekarun katakon, ya dubi abin da jirgin ka kawowa a wata, in lissafin bai fita ba sai ya kwashe inji da igiya da duk abin da ka saiduwa ya bar gangar jikin nan bakin ruwa yana cewa sai bayan kasuwa, sai bayan damina, har ruwa ya cinye. Ku zo bakin ruwan Yawuri ku gani da idonku, ga su nan rabi a ruwa rabi a tudu, kowane da mai shi kuma kowa ya san mai shi. Shekara 18 jirgin katako yana dako ai ya tsufa, ya biya kuɗinshi.

Injiniyan Toronto:
Kawu wallahi ka taɓo inda yake. Kuma ka ƙara da cewa a shekarun 1880 ɗin nan jiragen tururi sun riga sun fara ƙwace kasuwa a tafkunan, da yawa daga irin waɗannan masu tafiya da iska sai aka riƙa sare musu sanduna ana maida su kwandon kaya kawai jirgin tururi na jan su a baya. To ka ga wanda zai zuba kuɗi a gyaran tsohon jirgin iska a lokacin sai ya yi tunani sau biyu.

Baffan Fagge:
To ni fa har yanzu ban ga abin mamaki ba. Jirgin gawayi ne mai shi ma ya yar da shi, ba na sarki ba ba na yaƙi ba, ba wanda ya mutu, me ya sa ake ta ɗaukar hotonsa ana biyan kuɗi a je gani? Turawa dai ba su rasa abin ɓata kuɗi.

Malamar Tarihi:
Baffa da girmanka, ni a wurina rashin zamansa na sarki shi ne darajarsa. Kayan sarakuna ai kullum akwai mai adana su, je Gidan Makama ka gani. Amma kayan aikin talaka, abin da ya yi dakon hatsi da katako da kwal ya ciyar da garuruwa, shi ake amfani da shi har ya ƙare a yar, bayan shekara ɗari a zo ana tambaya wai yaya ma ake yin sa ba mai amsa. Irin wannan jirgin ɗaruruwa ne a tafkunan nan a lokacinsu, yau kusan duk babu, waɗanda suka rage su ne waɗanda ruwa ya ɓoye. Wanda yake son ya san yadda kafintan 1867 ya haɗa katako da katako sai dai ya je ya duba irin wannan.

Yaron Damaturu:
Ni tambayata ta kimiyya ce, ta yaya katako zai yi shekara 140 a ruwa bai ruɓe ba? Mu nan ƙofar banɗaki ma damina biyu ta gama da ita.

Injiniyan Toronto:
Ƙanina abin da ke cin ƙofarku jiƙa da bushewa ne, da zafi, da iska, da gara. Katako in ya nutse gaba ɗaya cikin ruwa mai sanyi ya zauna a jiƙe ba ya fita, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi ba sa samun yadda suke so. Ruwan tafkin nan kuwa sanyi gare shi na gaske, ko a watan Yuli ka sa ƙafa sai ka ji a ƙashinka, da hunturu kuma tashar kan daskare. Abu na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci, ruwan daɗi ne ba na gishiri ba. A teku akwai wata tsutsa mai huda katako tana cinye shi daga ciki, jirgin katako in ya nutse a teku mai ɗumi 'yan shekaru kaɗan sai ka tarar saura ƙarafa da abin da yashi ya rufe. Wannan tsutsar ba ta rayuwa a ruwan daɗi. Shi ya sa manyan tafkunan nan biyar na tsakanin Kanada da Amurka suke cike da jiragen katako da suka rage kusan yadda suka nutse. Kuma kar ku ɗauka tafki irin wanda muka sani ne, Huron kaɗai ya kai murabba'in kilomita dubu 59 da wani abu, ya ninka Tafkin Chadi na shekarun 1960 sau biyu, in kana bakinsa ba ka hango ɗaya gefen, igiyar ruwansa kuma tana karya jirgi.

A jikin Sweepstakes ɗin har yanzu gaban jirgin na nan a tsaye, da na'urar hannu da ake naɗe sarƙar ƙarfen tsayar da jirgi tana nan a mazauninta. A tsakiya kuma akwai wani dogon akwati mai faffaɗan katako a ciki wanda ake saukarwa ƙasan jirgi in ana tsakiyar tafki don kada iska ta tura shi gefe, in an zo wuri mara zurfi sai a janye shi sama. Dabarar kenan da ta sa suke iya shiga ƙananan tashoshi. Bayan jirgin ne ya rufta. Allon da aka rubuta sunansa an cire yana gidan tarihi na Bruce County a garin Southampton.

Ɗan Yawuri:
Wagga dabara ta katakon da ake saukewa a janye ta burge ni ƙwarai. Mu namu ƙasansu shimfiɗe ne saboda yashi da duwatsu, inji ka tura su. Amma Injiniya ka ce Tafkin Ontariyo anka ƙera shi kuma Huron ya nutse, ba tsakaninsu ne wancan babban ruwan mai zubowa daga tudu yake ba?

Injiniyan Toronto:
Haka ne Kawu, Niagara kenan, tana tsakanin Tafkin Erie da Ontariyo. Jirgi ba ya bi ta nan, akwai hanyar ruwa da aka haƙa ana kiranta Welland, mai ɗakunan ruwa da ƙofofi, jirgi ya shiga a rufe a cika ruwa ya ɗaga sama a buɗe ya wuce na gaba, haka har ya hau tudun. Girman ɗakunan nan shi ke yanke wa maƙera girman jirgi, shi ya sa za ka ga jiragen wancan lokacin da yawa tsawonsu da faɗinsu kusan ɗaya.

Maman Hanifa:
Ikon Allah, na gode ƙwarai. Amma ni abin da ban gane ba tunda yana kusa haka mita 6 kacal me zai hana su ciro shi su kai gidan tarihi kowa ya gani a tudu, ai ya fi a bar shi ruwa na ci?

Baffan Fagge:
Yawwa Hajiya, abin da nake shirin faɗa kenan. In da gaske yana da daraja a ciro shi mana.

Malamar Tarihi:
An taɓa gwadawa da wani kuma abin bai yi kyau ba. Akwai jirgi irinsa mai suna Alvin Clark da ya nutse a 1864 a yankin Green Bay na Tafkin Michigan, ragar masunta ce ta maƙale a jikinsa a 1967, aka ciro shi a 1969 kusan lafiyarsa ƙalau har yana iya zama a kan ruwa, mutane suka yi ta tururuwar zuwa gani a garin Menominee. To amma ba a tanadi kuɗin kula da shi ba. Katakon da ya sha ruwa shekara ɗari ruwan ne ke riƙe da shi, yana fara bushewa sai ya tsattsage ya lanƙwashe ya fara ruɓa. A 1994 katafila aka sa ta rushe abin da ya rage aka kwashe. Shekara 105 a ruwa bai lalace ba, shekara 25 a tudu ya ƙare.

Wanda aka yi nasara a kansa shi ne Vasa na ƙasar Siwidin, jirgin yaƙi da ya nutse a tashar Stockholm a 1628 aka ciro shi a 1961, amma shekara 17 aka yi ana fesa masa wani sinadari mai maye gurbin ruwan da ke cikin katakon, sannan aka gina masa gini na musamman da ake daidaita sanyi da laimarsa har yau. Wannan kuɗin gwamnati ce ta ƙasa guda a kan jirgin sarki. Wa zai kashe irin wannan a kan jirgin kwal?

Injiniyan Toronto:
Shi ya sa suka zaɓi su kula da shi a inda yake. Tun 1987 yankin ya zama gandun ruwa na ƙasa mai suna Fathom Five, shi ne na farko irinsa a Kanada, akwai jiragen da suka nutse sama da 20 a cikinsa kuma haramun ne ka ɗauki ko ƙusa. Shi Sweepstakes an sa masa ƙarafa daga ciki suna tokare da jikinsa don kada ya buɗe ya rufta, an kuma toshe hanyar shiga cikinsa, don da masu nutso da tukunyar iska kan shiga ciki, to iskar da suke fitarwa sai ta taru a ƙarƙashin katakon sama ta zauna, wurin ya riƙa lalacewa da sauri. Yanzu sai dai ka zagaya shi ta waje, kuma sai ka yi rajista, akwai lokacin masu nutso akwai lokacin jiragen gilashi. Duk da haka kullum ƙara lalacewa yake a hankali, wannan su ma ba sa ɓoyewa. Ga kuma wata masifa, wasu ƙananan halittu masu ɓawo irin ƙumba da suka shigo tafkunan cikin ruwan da manyan jiragen Turai ke ɗaukowa a cikinsu, an fara ganinsu a 1988, yanzu sun manne a jikin jirage da yawa sun rufe katakon.

Kusa da shi kaɗan ma akwai wani, City of Grand Rapids, jirgin tururi na fasinja da ya kama da wuta a 1907 ya ƙare a lungun, shi saura ƙasansa kawai.

Yaron Damaturu:
Malama maganarki ta katako mai shan ruwa ta tuna min namu na nan gida. Kwalekwalen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune nan Yobe, wani Bafulatani makiyayi ne yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da shi a zurfin kamar mita 5, masana daga Jami'ar Maiduguri da na Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994, tsawonsa mita 8 da 'yan kai, shekarunsa kusan 8,000, babu jirgin da aka samu a Afirka da ya kai shi daɗewa. Shi ma laka mai ruwa ce ta riƙe shi. An kawo shi Damaturu. Amma wallahi ku tambayi matasa goma a garin nan ku ga nawa ne suka taɓa jin sunansa, ga na mutane mai shekara 140 har ya iso wayar Hajiya.

Baffan Fagge:
To ka ga wannan shi ne abin magana, shekara dubu takwas! Wannan na yarda a kashe masa kuɗi. Amma ni har yanzu ina nan kan bakana, mu da mutane ke mutuwa a ruwa duk damina, kuɗin da za a sa a tsohon katako gara a sayi rigunan ruwa a raba.

Ɗan Yawuri:
Baffa ba ka yi ƙarya ba, kuma ba wanda za ya gaya mani zafin wanga abu. Hatsarin Wara na watan Mayu 2021 nan ƙasar Ngaski, jirgi ɗauke da mutum sama da 150, waɗanda sunka fita da rai kaɗan ne, kwana da kwanaki Sarkawa na fiddo gawa. Amma ka lura da abu guda. Injiniya yana zaune ya gaya muna shekarar da anka ƙera jirgin kwal, da sunan kafinta, da tsawonshi, da nauyin da ya ka ɗauka, da jirgin da ya jawo shi. Ina ya samo? An rubuta ne tun ranar da anka sa shi ruwa. Mu kuwa jirgi za ya kashe mutum ɗari, ka tambaya shekarunshi nawa, wa ya ƙera shi, mutum nawa ya kamata ya ɗauka, yaushe anka yi mashi gyara na ƙarshe, sai kowa ya faɗi nashi. Ko yawan waɗanda ke ciki sai dai a ce kimanin. To rubutun nan da kake gani kamar na masu tarihi ne, shi ne dai rubutun da ka hana a ɗora ma tsohon jirgi abin da ya fi ƙarfinshi. Ni ban raba su ba.

Kuma ruwanmu ma cike yake da tarihi. Da anka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya hau ya cinye tsohuwar Bussa da garuruwa da tsibirai da yawa anka tashi mutane, har wurin da jirgin Mungo Park, Baturen nan mai binciken kogin Kwara, ya ƙare a 1806 yana ƙarƙashin tafkin yanzu. Itatuwan da ruwan ya rufe kututturansu na nan tsaye a ƙasa, su ne direbobin jirgi ka tsoro in ruwa ya ja baya ko da dare. Tsofaffin direbobi sun san inda kowane yake, a kansu taswirar take, in sun mutu ta tafi.

Baffan Fagge:
Kawu na ji wannan, a kan rajistar jirage ina bayanka ɗari bisa ɗari. A kan tokare ruɓaɓɓen jirgi da ƙarfe ne dai ban sauka ba.

Injiniyan Toronto:
Baffa garin Tobermory fa ƙaramin gari ne, kamun kifi da sana'ar katako da suka kafa shi sun ja baya tuntuni, yanzu baƙin lokacin zafi ne ke riƙe da shi, masu masauki da masu abinci da masu jiragen gilashi, kuma jirgin nan na cikin manyan abin da ke kawo su. Ƙarfen da aka sa masa ba asara ba ce ko a lissafin kasuwa.

Malamar Tarihi:
Kawu Ɗan Yawuri ina da roƙo. Kafintocin jirgi na wajenku da tsofaffin direbobin nan, in za ka iya ka zauna da ko mutum biyu ka ɗauki muryarsu a waya, wane katako suke sa wa a ƙasa wane a gefe, da me suke toshe tsakanin katako, jirgi mai ɗaukar buhu kaza tsawonsa nawa ne, shekara nawa yake yi kafin a ajiye shi, da sunayen wuraren da ake tsoro a tafkin. Ka turo min ni zan rubuta in dawo da shi nan zauren kowa ya karanta ya gyara.

Ɗan Yawuri:
In sha Allahu Malama. Akwai wani dattijo da ya ƙera ma mahaifina jirgi, ya daina aiki amma hankalinshi garau yake, ranar kasuwa yana zama bakin ruwa wajen 'ya'yanshi. Sai dai ki turo mani tambayoyin a rubuce don kada in manta wasu, kuma Hausarshi ta Yawuri ce sosai, inda ba ki gane ba ki tambaye ni.

Yaron Damaturu:
Malama in kin gama na Kawu ni ma zan je in ɗauko muku hoton na Dufuna in an bar ni na shiga da waya.

Maman Hanifa:
Injiniya Abban Hanifa ya karanta duka, ya ce a tambaye ka wai da hunturu in tashar ta daskare ƙanƙarar ba ta taɓa jirgin?

Injiniyan Toronto:
Ki gaishe shi Hajiya. Ƙanƙarar a saman ruwa take tsayawa shi kuma yana ƙasa da ita, amma duk jirgin da ke wuri mara zurfi irin wannan yana shan wahalar ƙanƙara da motsin ruwa fiye da na can ƙasa. Akwai wani a gandun mai suna Arabia da ya nutse a 1884 ɗauke da masara, yana zurfin sama da mita 30, shi sai ƙwararrun masu nutso ne ke iya kai masa.